Tambaya da Amsa: Timothy Spall da sana'ar ɗan wasa mai rikiɗa

Wasiƙun da suka zo mana a wannan wata sun taru a kan mutum ɗaya, ɗan wasan Ingila Timothy Spall, da irin sana'ar da ya yi fice a cikinta. Mun zaɓi bakwai daga ciki, mun taƙaita wasu saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani mutum a finafinan Harry Potter mai haƙora irin na ɓera, daga baya na gan shi a The King's Speech ya fito a matsayin Winston Churchill, da kyar na yarda mutum ɗaya ne. Wane ne shi, kuma me ya sa ba a cika ba shi matsayin jarumi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Timothy Spall ke nan, haifaffen unguwar Battersea a birnin Landan, ranar 27 ga Fabrairu, 1957. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne, mahaifiyarsa kuma mai gyaran gashi.

A harkar wasan Ingila akwai 'yan wasa iri biyu. Akwai jarumi, wanda fuskarsa ce jarinsa: mai kallo yana biyan kuɗi don ya ga mutumin da ya sani, kuma ba ya son a sauya masa shi. Akwai kuma wanda mu a nan muke kira ɗan wasa mai rikiɗa, wanda jarinsa shi ne ya ɓace a cikin wani mutum. Yau direban tasi ne, gobe ɗan siyasa, jibi mai rataye waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Spall ya yi ukun nan duka: direba a All or Nothing na 2002, Churchill a 2010, da Albert Pierrepoint, mai ratayen nan na Birtaniya, a fim ɗin Pierrepoint na 2005. Wannan rashin gane shi da ka yi, shi ne abin da ake biyansa ya yi.

Kada ka ɗauka ƙaramin matsayi ne. Jarumi yana da minti casa'in ko fiye ya sa a san shi. Mai rikiɗa wani lokaci minti huɗu kawai ake ba shi, kuma a cikinsu dole mai kallo ya san inda mutumin ya fito, abin da yake tsoro, da abin da yake ɓoyewa.

Tambaya: Ta ina irin waɗannan suke farawa? Makaranta ce ko baiwa?

Amsa: Duka biyun, amma a Ingila hanyar a shimfiɗe take, kuma Spall ya bi ta daki-daki. Ya fara da ƙungiyar wasan matasa ta ƙasa, daga nan ya shiga RADA, makarantar wasan kwaikwayo ta Landan da aka kafa a 1904. Ya gama a 1978 da lambar zinare ta Bancroft, wadda ake bai wa ɗalibin da ya fi nuna alamar zai yi nisa. Abin da ake koya a irin wannan makaranta aikin jiki ne zalla: numfashi daga ciki maimakon daga ƙirji, fitar da kowane harafi, karanta baitin Shakespeare mai gaɓa goma a layi ba tare da numfashi ya yanke a tsakiyar magana ba, faɗan takobi, rawa, da yadda ake faɗuwa ƙasa sau takwas a mako ba a karye ba.

Bayan makaranta sai gidan wasa na lardi. Spall ya tafi na Birmingham. Tsarin waɗannan gidaje shi ne rukuni ɗaya na 'yan wasa ya yi ta sauya wasanni duk kakar. A zamanin da tsarin ke ganiyarsa, wasu gidajen sabon wasa suke sakawa kowane mako: da dare kana kan dandamali da wasan wannan mako, da safe kana atisayen na mako mai zuwa, da rana kana haddar na bayansa. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyu zai fito tsoho a wannan wasa, ya fito ɗan sanda a na gaba, don babu wani da za a kira. A nan ake ƙera mai rikiɗa, ba a aji ba.

Akwai kuma shingen ƙungiyar 'yan wasa, Equity, da aka kafa a 1930. A lokacin da Spall ya fara, ba ka aiki sai da katinta, kuma ba ka samun katin sai da aiki. Gidajen lardi ne ke da 'yan guraben sababbin shiga, sannan sai mutum ya tara makonni 40 na aiki kafin katinsa ya cika ya iya hawa manyan dandamalan West End, unguwar manyan gidajen wasa a Landan. Dokokin da gwamnatin Margaret Thatcher ta yi a 1988 da 1990 ne suka rushe wannan tilas.

A 1979 Spall ya shiga kamfanin RSC, mai wasannin Shakespeare a garin Stratford. A 1980 yana cikin waɗanda suka yi Nicholas Nickleby, wasan da ke cin sa'o'i takwas da rabi, inda kusan kowa ke ɗaukar mutum fiye da ɗaya. Shi ya fito lalataccen ɗan shugaban makaranta, ya kuma fito ɗan wasan yawo mai suna Folair, a dare guda, gaban 'yan kallo guda.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na ji ana cewa wanda ya ƙware a dandamali yakan sha wuya gaban kamara. Ni a ganina wasa ai wasa ne. Ina bambancin?

Amsa: Malam, bambancin yana da girma, kuma nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

A dandamali ana yin atisaye na makonni huɗu zuwa shida. Daga nan a shiga kwanakin daidaita fitila da sauti da sauyin kaya, a yi gwaji cikin cikakkiyar shiga, a yi 'yan darare na ɗanɗano da 'yan kallo, sannan daren 'yan jarida. Bayan haka wasa takwas a mako, shida da dare, biyu da rana. Saura minti talatin da biyar a ɗaga labule ake yin kiran farko, kuma dole kowa ya kasance a cikin gidan. Saura minti biyar a kira masu buɗe wasa su tsaya a bakin dandamali. Babban zauren gidan wasa na ƙasa a Landan, wanda ake kira Olivier, yana ɗaukar mutum sama da dubu ɗaya, kuma na kujerar ƙarshe ma ya biya kuɗi. Don haka raɗa ma sai an tura ta da numfashi daga ƙasan haƙarƙari. Wanda ya tura da maƙogwaro, kafin mako na biyu muryarsa ta dushe. Wasan kuma yana tafiya daga farko zuwa ƙarshe ba yankewa, ɗan wasa ne ke riƙe da linzami, yana jin tari da dariyar jama'a yana daidaita saurinsa da su.

Gaban kamara duk wannan ya juye. Na farko, ba a ɗauka a jere. Ana iya ɗaukar mutuwar mutum ranar Litinin, a ɗauki haɗuwarsa ta farko da matarsa ranar Alhamis, saboda ana bin wurin ɗauka ne da kwanakin da kowa ke da su. Ƙwararru sukan rubuta a gefen kowane shafi: daga ina na fito, me na sani a yanzu, me ban sani ba tukuna. Wanda bai yi haka ba, idan aka haɗa fim sai ka ga yana fushin abin da ba a gaya masa ba tukuna.

Na biyu, kowace fitowa ana ɗaukarta sau da yawa daga kusurwa daban-daban: daga nesa a ga kowa, daga bayan kafaɗar wannan, daga bayan kafaɗar wancan, sannan fuska kusa. Idan a ɗauka ta nesa ka ɗaga kofi da hannun hagu a kan wata kalma, dole ka ɗaga shi da hagun a kan wannan kalmar a duk sauran. In ka saɓa, mai tace hoto ba zai iya haɗawa ba, sai ya yanke ya koma kan fuskar abokin wasanka, kai kuma aikinka mafi kyau ya tafi kwandon shara. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa cika baki da abinci a fitowar cin abinci. Wanda ya kai loma babba a ɗauka ta farko, zai maimaita ta sau goma sha biyar.

Na uku, alamar ƙasa. Ana manna ɗan tef a inda za ka tsaya, mai kula da kaifin hoto ya auna tazara daga nan zuwa gilashin kamara. A ɗaukar fuska kusa, gocewar da ba ta kai tafin hannu ba ta isa ta dusashe idonka. Kuma ba a yarda ka kalli ƙasa kana neman tef ɗin ba. Ana ƙirga taku ne tun a gwaji, ko a ajiye ɗan buhun yashi da ƙafa za ta taɓa.

Na huɗu shi ne babba: girman motsi. Ɗaga gira da zai isa kujerar ƙarshe a zaure, idan fuska ta cika allon silima sai ya zama kamar ihu. Makirufo yana rataye sama da kanka kaɗan, ba ya buƙatar ka tura murya. Abin da kamara ke so shi ne tunani ya gilma a ido. Dubi Spall a All or Nothing yana zaune a bayan sitiyari: kafaɗu a sake, leɓen ƙasa a ɗan saki, ido yana kallon titi ba ya ganinsa. Bai yi komai ba da za a iya nunawa da yatsa, amma ka san mutumin nan ya gaji da rayuwarsa tun shekaru.

Ƙarin wuya ga mai rikiɗa shi ne sau da yawa kwana biyu ko uku kacal zai yi a fim. Ya tarar da mutane sun yi wata biyu tare sun saba, shi kuma ba atisaye, a gaisa da darakta da safe, kafin azahar ana ɗaukar babbar fitowarsa. Dole ya zo da mutumin a gine tun daga gida.

Tambaya: Gaskiya ne darakta Mike Leigh ba ya rubuta labari kafin a fara fim? Ta yaya ake aiki haka?

Amsa: Gaskiya ne, 'yar'uwa, kuma Spall yana cikin waɗanda suka fi daɗewa da shi: Home Sweet Home na talabijin a 1982, Life Is Sweet a 1990, Secrets & Lies a 1996, Topsy-Turvy a 1999, All or Nothing a 2002, da Mr. Turner a 2014.

Ga yadda abin yake. Leigh yakan zauna da kowane ɗan wasa shi kaɗai, ya ce ya lissafo mutanen da ya sani a zahiri, masu jinsi da kusan shekaru irin nasa. Su yi ta hira a kansu har Leigh ya zaɓi ɗaya, ko ya gauraya biyu ko uku. Daga nan a gina wa sabon mutumin rayuwa tun daga haihuwa: makarantar da ya yi, aikinsa na farko, wanda ya fara so. Idan mai ɗaukar hoto ne, kamar Maurice da Spall ya fito a Secrets & Lies, sai ɗan wasan ya je ya koyi aikin wurin masu yinsa. Sai bayan haka ake haɗa 'yan wasa biyu a ɗaki cikin kayan mutanen nasu, a bar su su rayu, wani lokaci sa'o'i ba abin da ke faruwa sai shan shayi da shiru. Ana ɗaukar wata biyar ko shida a haka. Daga ƙarshe Leigh ya tsara jerin fitowa, a je wurin ɗauka, a sake ƙirƙiro kowace fitowa, a tace ta har kowace kalma ta zauna. Lokacin da kamara ta fara juyawa babu sauran ƙirƙira, komai a haddace yake.

Doka ɗaya ce ke riƙe da tsarin: ɗan wasa ba ya sanin komai sai abin da mutuminsa ya sani, kuma an hana su tattauna aikin da juna. Idan wani ya yi subul da baka ya tona sirri a wurin cin abinci, mamakin da ake jira a atisaye ya mutu, kuma ba a dawo da shi. Wata doka kuma, ana magana a kan mutumin da "shi", ba a cewa "ni", don ɗan wasa ya iya fita daga cikinsa ya dube shi da ido mai sanyi.

Secrets & Lies ya ci babbar lambar bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1996. Spall bai samu zuwa ba, domin a daidai lokacin aka gano yana da sankarar jini. Ya yi jinya, Allah ya ba shi lafiya, ya koma aiki.

Tambaya: Nawa ne na kwalliya a cikin wannan rikiɗa, nawa ne na ɗan wasan?

Amsa: Kwalliya tana ba da ƙofa, ɗan wasa ne ke shiga. Idan za a ƙara wa fuska hanci ko kumatu, sai an fara ɗaukar zubin fuskar da wani abu mai kama da kunu da ke daskarewa, a fitar da kwafinta, a sassaƙa sabuwar kama a kai, a zuba ta da roba mai laushi. Mannawa da shafa launi kan ci sa'o'i biyu zuwa huɗu kowace safiya, shi ya sa ake kiran mai irin wannan shiga tun kafin asuba. Kowane yanki sau ɗaya ake amfani da shi, domin gefensa siriri ne kamar fatar albasa, cirewa ke yaga shi. Matsalar da aka fi samu ita ce zufa a ƙarƙashin fitila: gefen ya ɗago, musamman kusa da baki inda fata ke yawan motsi. Haƙoran roba kuma suna sauya wurin da harshe ke bugawa, sai "s" ta koma fito. Maganinsa shi ne a karɓe su da wuri a yi kwanaki ana karatu da ƙarfi da su a baki.

Amma ka koma ka kalli Peter Pettigrew na finafinan Harry Potter, wanda Spall ya fara fitowa a 2004. Labarin ya ce mutumin ya shekara goma sha biyu a siffar ɓera. Haƙora da farce na masu kwalliya ne. Hannaye da ya tattare a gaban ƙirji, hanci da ke shinshina, wuyan da ya nutse cikin kafaɗu, da idon da ke neman mafita a kowane lungu, waɗannan ba wanda ya manna masa su.

Karin harshe ma haka. A Auf Wiedersehen, Pet, shirin talabijin na 1983 kan leburorin Birtaniya da suka tafi aikin gini Jamus, ya fito Barry, mai gyaran lantarki daga yankin Birmingham, har jama'a da yawa suka ɗauka ɗan can ne alhali ɗan kudancin Landan ne. Mai koyar da kari yakan fara da wasula, sannan inda sauti ke zama a baki, sannan hawa da saukar murya. Inda kari ke zamewa shi ne wurin ihu ko kuka, don a nan harshen uwa ke dawowa. Saboda haka waɗannan layukan ake fi maimaitawa.

Tambaya: Ana samun abin kai wa baka a wannan sana'a kuwa?

Amsa: Ana samu, amma daga ƙofofi da yawa. Dandamali albashin mako ne, da mafi ƙarancin da Equity ke sasantawa da masu gidajen wasa, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Fim da talabijin ana biya ne da kwana ko da mako. Sai wasannin rediyon BBC, karanta littafi, talla, da murya a finafinan zane. Spall ya yi muryar wani ɓera ɗan kasuwa a Chicken Run na 2000. Wakilin da ke nemo aiki yana cire kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Masu zaɓen 'yan wasa kuma suna duba Spotlight, kundin hotuna da bayanan 'yan wasa, wanda ake fitarwa tun 1927, yanzu yana intanet.

Haɗarin da ya fi rashin aiki shi ne a kulle mutum a kama ɗaya. Barry ya yi farin jini har ya zama sai irinsa ake kawo wa Spall, kuma ya ɗauki shekaru da aikin Leigh kafin ya fita daga inuwarsa. Ribar kuwa ita ce tsufa ba ya korar mai rikiɗa. Furfura da tamoji ƙarin kayan aiki ne a wurinsa.

Tambaya: Ya taɓa jan fim da kansa? Kuma ya bar dandamali ke nan?

Amsa: Ya ja, kuma a ganinmu Mr. Turner ne ƙololuwar aikinsa. Ya fito J. M. W. Turner, mai zanen teku da haske da ya rayu daga 1775 zuwa 1851. Leigh ya ce wa Spall ya je ya koyi zane tun kafin a fara atisaye, ya yi shekara biyu yana koyo, daga fensir zuwa launin ruwa zuwa na mai. Dalilin a bayyane yake: kamara za ta sauka kan hannunsa, kuma duk mai zane zai gane hannun da bai saba da buroshi ba daga yadda ya riƙe shi. A fim ɗin Turner ba mai yawan magana ba ne, gurnani yake yi, kuma Spall ya ba gurnanin nan ma'anoni daban-daban: na yarda, na raini, na baƙin cikin mutuwar uba. Ya ci lambar gwarzon ɗan wasa a Cannes a 2014. Masu ba da lambar Oscar ta Amurka da ta BAFTA ta Birtaniya ba su ko sa sunansa a jerin 'yan takara ba a wannan shekara, kuma mu har yau muna ganin an yi masa ƙwauro.

Bayan nan ya rage ƙiba sosai, abin da ya buɗe masa wasu kamannin: Ian Paisley, malamin coci kuma ɗan siyasar Ireland ta Arewa, da David Irving mai musun kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, duka a 2016, sai mai zane L. S. Lowry a 2019. BAFTA ɗinsa ta farko ta zo a 2024, yana da shekara 67, saboda shirin BBC The Sixth Commandment, inda ya fito Peter Farquhar, malamin makaranta mai ritaya wanda, a labarin shirin, wani matashi ya yaudara ya kashe.

Dandamali kuwa ya daɗe bai hau ba, sai a 2016 ya koma gidan wasa na Old Vic a Landan, a wasan The Caretaker na Harold Pinter, ƙarƙashin darakta Matthew Warchus. Ya fito Davies, tsoho mara matsuguni da wani ya tausaya wa ya kawo ɗakinsa. Mutum uku ne kacal a wasan, ɗaki ɗaya cike da tarkace, kuma Davies kusan ba ya barin dandamali daga ɗaga labule har saukarsa.